Zaurukan Hira na Masu Rubuta Manhaja: Gaskiya ko Jita-jita?

Matashin da ke rubuta manhajar kwamfuta a Gumel ko Sule Tankarkar yana iya yi wa kamfanin Kano ko Legas aiki bai bar gida ba. Tun da gwamnatin tarayya ta soma shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta a 2023, masu koyon sana'ar suka ƙaru, kuma haɗuwarsu yawanci a zaurukan WhatsApp, Telegram da Slack take. Akwai maganganun da suke yawan yi game da zaurukan nan, sun cancanci a tace su.

"Ai WhatsApp a kulle yake, turo lambar sirrin kawai." Wannan ce ta fi damuna, domin da ƙamshin gaskiya a cikinta. Tun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, ko kamfanin ba ya iya karanta shi. To amma da ya sauka a waya, kullewar ta gama aikinta. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. Wayar wani tana hannun ƙanensa yana wasa da ita, ta wani kuma an bar ta wurin mai caji a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Sirrin da ya shiga irin wannan taro ya zama zancen bakin kasuwa. Telegram kuwa, zaurukansa ba su da wannan kullewa. Sai dai hirar sirri ta mutum biyu, ita ma sai an kunna ta. Ko manya ba su tsira ba. A Satumban 2022 wani ɗan kutse ya tuntuɓi wani mai yi wa kamfanin Uber aiki ta WhatsApp, ya ce shi daga sashen kwamfuta yake, ya yaudare shi ya buɗe masa ƙofa, sannan ya shiga Slack ɗin kamfanin ya sanar da kutsen da kansa.

"Duk abin da aka tattauna yana nan." Jita-jita ce. Slack na kyauta saƙonnin kwana 90 kawai yake nunawa. A WhatsApp, wanda wayarsa ta ɓata bai yi ajiya ba, ya rasa komai. Ga mu da son saƙon murya, alhali wurin bincike ba ya tono abin da aka faɗa da baki.

Masu cewa zaure ɓata lokaci ne kawai, su ma sun zarce. Ɗan koyo a Gagarawa, wanda babu gwani kusa da shi, a nan yake ɗaukar hoton matsalarsa ya tura, wani daga Kazaure ko Dutse ya warware masa kafin sallar Isha'i. Sai dai idan an yanke shawarar aiki, a mayar da ita rubuce a GitHub, shafin ajiyar manhaja, ko takardar aikin. Lambar sirrin da ta taɓa shiga zaure kuma a sauya ta a ranar, ko da an goge saƙon.