Watan Badarapada a Indiya: Bikin Ƙarshen Damina da Rigimar Gumakan Filasta

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya a cikinmu ya sha ganin dubban mutane a kan titi, ana buga ganguna ana watsa jan gari, ga wani ƙaton gunki mai kan giwa a bayan babbar mota an nufi bakin teku da shi. Da yawanmu mun ɗauka shirin fim ne kawai. To ba haka ba ne, biki ne da ake yi kowace shekara a watan da mabiya addinin Hindu ke kira Badarapada, wanda ke faɗowa tsakanin Agusta da Satumba, lokacin da damina ta kusa ban kwana da ƙasar.

Su ma da tafiyar wata suke lissafi, sai dai kusan duk bayan shekara uku sukan ƙara wata guda domin shekararsu ta daidaita da ta rana. Shi ya sa bukukuwansu ba sa zagayawa daga rani zuwa damina kamar yadda azuminmu ke yi.

Watan cike yake da hidimomi. A rana ta uku bayan tsayuwarsa mata ke yin azumin Tij, ba ci ba sha, suna roƙa wa mazajensu tsawon rai, kuma a Katmandu ta ƙasar Nefal sukan cika wurin ibadar Pashupatinat cikin jajayen tufafi. Idan wata ya cika kuma sai a shiga kwanakin tunawa da magabata, inda ake ajiye wa hankaki abinci da sunan iyayen da suka rasu. Amma wanda ya fi kowanne tara jama'a shi ne bikin Ganesh, wanda ake farawa a rana ta huɗu. Wani abin mamaki gare mu masu neman ganin wata, a daren nan gudun kallonsa suke yi, don sun yi imani wanda ya gan shi za a yi masa ƙazafi.

A da, bikin na cikin gida ne a yawancin wurare. A shekarar 1893 ne ɗan gwagwarmaya kuma ɗan jarida Bal Gangadar Tilak ya tsaya tsayin daka a birnin Pune har aka fito da shi fili, ganin cewa Turawan Ingila sun matsa wa tarukan siyasa amma suna shakkar taɓa na addini. Daga nan kowace unguwa ta kafa kwamiti, ana tara kuɗi, a kafa rumfa, a girke gunki na kwana goma. Mafi shahara shi ne na unguwar Lalbag a Mumbai, wanda masunta da ƴan kasuwa suka assasa a 1934. A 2020, saboda annobar korona, kwamitin ya fasa girka shi, ya shirya gangamin ba da jini a maimakonsa.

Ranar ƙarshe ce ake ɗaukar gumakan, manya da ƙanana, a nutsar da su cikin teku ko kogi ko tafki. A nan ne fa gizo ke saƙar.

Can baya da yumɓu ake gina su, irin wanda suke kira shadu, wanda ke narkewa da zarar ya jiƙa. Daga baya magina, musamman na garin Pen a jihar Maharashtra, suka koma ga filasta, wato farin garin nan da likitoci ke kwaɓawa su ɗaure karaya. Ba za mu ga laifinsu sosai ba. Filasta ta fi arha, ba ta da nauyi, tana bushewa da wuri, ana zuba ta a maƙera ɗaya a fitar da ɗaruruwa, sannan tana jure tafiyar mota, alhali na yumɓu kan tsage tun kafin ya isa hannun mai saye. Matsalar ita ce ba ta narkewa cikin sauƙi. Washegarin biki igiyar ruwa kan dawo da hannuwa da kawunan gumaka bakin gaɓa, ƴan sa-kai su bi suna kwashewa, fentin da aka shafa musu kuwa, wanda sau da yawa ke ɗauke da dalma, ya riga ya shiga ruwan da masunta ke cin abinci a cikinsa.

Hukumar hana gurɓata muhalli ta Indiya ta fitar da ƙa'idojin nutsar da gumaka a 2010, sannan a watan Mayun 2020 ta haramta na filasta. Magina suka ce an taɓa musu tukunya, suka garzaya kotu. A watan Yunin 2025 babbar kotun Bombai ta ba su damar ci gaba da ƙerawa da sayarwa, a watan Yuli kuma ta ba da umarnin wucin gadi cewa duk gunkin da bai wuce ƙafa 6 ba, wato kusan mita biyu, a tafkunan da hukuma ta tanada za a nutsar da shi, waɗanda suka fi haka kuma aka bar su su shiga teku.

A ganinmu an yi rabon da bai yi daidai ba. Magidancin da ya sayi ɗan ƙaramin gunki shi aka tura layin tafkin hukuma, manyan kwamitocin unguwanni da ƴan siyasa ke zawarci, waɗanda gunkinsu ɗaya ya fi na gidaje masu yawa cin filasta, su aka sakar wa mara. A cikin watan Yulin nan ne kuma gwamnatin Maharashtra ta ayyana bikin a matsayin na jiha, kuma ranar 6 ga Satumban 2025 manyan gumakan suka bi titunan Mumbai zuwa gaɓar Girgaum kamar yadda aka saba.