Da Wa Za Ka Haɗa Hanya?

'Yan'uwa fatake, san da aka saya a tiken Abalak ko na Dakwaro, kafin ya isa hannun mahauci a Agege sai ya bi ta hannun mutum biyar ko shida. Ga dillalin da ya sasanta ciniki, ga 'yan korar da suka kai shi bakin iyaka, ga mai canji, ga direban tirela da yaran da ke bin shanu a saman mota, sannan ga maigidan da zai sauke ka a kudu. A cikinsu babu wanda kuka rubuta takarda da shi. Magana ce aka yi, aka gaisa, kowa ya kama gabansa. To, wane hali za ka duba kafin ka danƙa wa mutum dukiyarka?

Kowa ka tambaya zai ce maka amana. Gaskiya ne, amma kalmar tana da faɗi, kuma ɓarawo ma ita yake fara ambata. Abin da na fi dubawa shi ne: idan hasara ta auku, yaushe mutumin nan zai gaya maka?

Ɗauki yaron mota. Daga Maigatari, bayan an tashi daga kasuwar Alhamis, zuwa Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kwana biyu ko uku, dabbobi na tsaye a matse. Da zarar saniya ɗaya ta gaji ta durƙusa, sauran za su tattake ta. Yaron kirki ba ya barci mai nauyi, idonsa na kan ƙafafuwan shanu, in ya ga wata ta kwanta ya buga wa direba a tsaya a tashe ta. Idan kuwa abin ya fi ƙarfinsa, ya sa wuƙa tun da ranta, ya nemi mahauci a gari na gaba, kuma nan take ya kira ka ya ce, "Alhaji, ja mai karyayyen ƙahon nan ta faɗi, mun yanka, ga abin da aka taya." Ka yi hasara, amma kuɗin nama ya dawo. Wani kuwa tsoron faɗa zai sa ya yi gum, yana fatan ta tashi da kanta, sai an buɗe mota a kara a jawo mushe. Bai saci ko sisi ba, amma shirunsa ya cinye maka saniya guda. A da, sai an kawo fata mai shaidar maigida kafin a yarda dabba ta mutu. Yau waya na aljihun kowa, ɗaukar hoto minti ɗaya ne, saboda haka uzurin "ban sami yadda zan gaya maka ba" ya ƙare.

Sai dai a nan iyayen gida su ma a gaya musu tasu. Wanda duk ranar da aka kawo masa mummunan labari sai ya yi zagi ya zaftare kuɗin yaro, shi da kansa yake koya wa yaransa ƙarya. Gobe ba za su faɗa ba.

Wannan hali ba a kan hanya kaɗai ake bukatarsa ba. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan, ya fitar da littafi a 1969, inda ya nuna cewa bashi ake ba mahautan garin shanu, ba takarda, maigida ne ke tsaya wa baƙonsa idan kuɗi ya maƙale. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne sanin wane mahauci ke biya, wane ne ya fara tangaɗi. Har gobe haka ne. Dillalin da ya san mahauci ya karye amma ya rufe don kada la'adarsa ta wuce shi, ya fi ɗan fashi illa, domin shi ɗan fashi ba ka ci abinci da shi ba.

Lokacin da ake gane abokin haɗin jari kuwa shi ne ranar da kuɗi ko iyaka suka rikice. Dattawanmu ba su manta da Afrilun 1984 ba, da aka canja launin naira aka rufe iyaka har zuwa 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. An sake rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, haka kuma bayan juyin mulkin Yamai na 2023 sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe. A irin waɗannan ranaku farashin canji na safe daban, na yamma daban, kuma babu mai shaida. Wanda ya dawo ya gaya maka ainihin yadda ya canja, ko da ribar ta fi yadda kuka zata, riƙe shi da hannu biyu. Masu sayo shanun Cadi da Kamaru suna da ƙarin aiki, tun da sefar can ba ita ce ta Nijar ba, sai an bi ta wajen mai canji.

Sauran halaye sanannu ne. A shingen duwan ko na jandarma ana son mai sanyin zuciya, wanda takardun likitan dabbobi ke hannunsa a shirye, kuma yake rubuta duk abin da aka biya. Mai zafin kai zai jawo a tsare mota awa uku a rana, shanu na haki. Sannan kame baki: wanda zai zauna teburin mai shayi yana faɗin nawa Alhaji ya ɗauko da hanyar da za ku bi, a wannan zamani na masu garkuwa da mutane, sallame shi tun a tasha, ko ɗan yayarka ne.

Sabon yaro kuwa kada a fara shi da Legas. A ba shi shanu biyar ya kora daga Dungas zuwa Maigatari, a ba shi kuɗin hanya da ɗan ƙari a kai, kada a gaya masa an ƙara. In ya dawo, a zauna a ji lissafinsa, a ga ko ragowar za ta fito daga aljihunsa kafin a tambaya.