Rayuwar ɗalibai a Kwalejin Katsina

Kwalejin Katsina makarantar kwana ce ta horar da malamai wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa a birnin Katsina. Ta fara ɗaukar ɗalibai a shekarar 1921, sannan Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Ita ce makarantar boko mafi girma a Arewacin Najeriya a wancan zamani, kuma daga cikinta ne akasarin shugabannin Arewa na farko suka fito.

Kafuwa

An zaɓi Katsina saboda dalilai biyu. Na farko, gari ne da ya daɗe da yin suna wajen ilimin addinin Musulunci, don haka sarakuna da iyaye za su fi sakin jiki su tura 'ya'yansu. Na biyu, ba ya kan hanyar jirgin ƙasa, kuma hukuma na son ɗaliban su yi nesa da hayaniyar garuruwan kasuwanci da siyasar Legas. Manufar ita ce a samar da malamai Musulmi 'yan Arewa da za su koyar a makarantun larduna.

Zaman yau da kullum

Maza zalla ake ɗauka, ana zaɓo su daga makarantun larduna kamar Sakkwato, Kano, Barno, Bauchi, Zariya da Bida. Da yawansu 'ya'yan sarauta ne ko na malamai. Wasu sai sun yi tafiyar kwanaki a ƙasa kafin su iso. Karatun yakan ɗauki shekara biyar.

Ginin makarantar na ƙasa ne, irin na gargajiyar Hausa. An raba ɗalibai gida-gida, daga ciki akwai Gabas, Yamma, Kudu da Arewa. Suna sa tufafinsu na gida, suna kiyaye salla da azumi. Wannan zama ya haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare da Banufe wuri guda, abin da ba a saba gani ba a da.

Karatu da harshe

Ana koyar da Turanci, lissafi, tarihi, labarin ƙasa da dabarun koyarwa, tare da Larabci da addini. An fi matsa wa ɗalibai a kan furucin Turanci, har aka riƙa gane ɗan Kwalejin Katsina daga lafazinsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, ya shahara da iya magana.

Makarantar ta yi tasiri a adabin Hausa ma. A gasar rubutun littattafai ta 1933, tsoffin ɗalibanta sun taka rawa: Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa kuma Shaihu Umar. Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, ya koyar a kwalejin.

Wasanni

Malaman Turawa sun kawo tsarin makarantun kwana na Ingila, inda ake ɗaukar wasa a matsayin hanyar tarbiyya. Ana yin kurket da ƙwallon ƙafa, amma wanda ya fi karɓuwa shi ne fives, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ahmadu Bello, wanda ya zauna a kwalejin daga 1926 zuwa 1931, gwani ne a wasan, kuma bai daina yin sa ba har bayan ya zama Firimiya.

Tasiri

Abokantakar da aka ƙulla a kwalejin ta bi ɗaliban har fagen mulki. Ɓalewa ya zama Firaministan Najeriya, Ahmadu Bello Firimiyan Arewa, Kashim Ibrahim kuma Gwamnan Jihar Arewa. Sai dai masana tarihi na nuni da cewa ɗaliban ba su da yawa, ba a ɗauki mata ba, kuma ba a shirya karatun don shiga jami'a ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa Arewa ta kai ga 'yancin kai a 1960 da ƙarancin ma'aikata masu zurfin boko idan aka kwatanta da Kudu.

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 kuma Zariya, inda tun 1971 ake kiranta Kwalejin Barewa. Tsohon ginin na Katsina yanzu gidan adana kayan tarihi ne.