DASHEN GASHI: SHIN AN SAMU MAGANIN SANƘO KE NAN?

Gabatarwa

Sanƙo ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Wasu na cewa alamar arziki ne, wasu na ɗora laifinsa a kan hula ko rawani, abokan wasa kuma sun samu abin zolaya. Amma ga saurayin da ya ga goshinsa yana ƙara faɗi tun bai cika shekara 30 ba, al'amarin ya wuce wasa. Yanzu kuma tallace-tallace sun cika intanet, ana nuna hoton mutum da kai tal, sannan a nuna shi da suma bayan an yi masa dashen gashi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi wa 'yan uwana ɗalibai bayanin yadda aikin yake, domin duk mai sha'awar yi ya san abin da zai saya da kuɗinsa da fatar kansa.

Me Ke Kawo Sanƙo?

Sanƙon maza abu biyu ne ke haɗuwa su haifar da shi: gado da sinadarin jikin namiji. Jiki yana juya wani kaso na sinadarin testosteron zuwa wani da ake kira DHT. Ga wanda ya gaji sanƙo, wannan sinadari yana sa tushen gashin goshi da na tsakiyar kai ya riƙa tsukewa. Gashin da ke fitowa sai ya ƙara siranta da gajarta, har a wayi gari ya daina fitowa. A shekarar 1942 wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka yi wa dandaƙa kafin balaga ba sa yin sanƙo, amma in an ba su testosteron, waɗanda ke da sanƙo a danginsu sai su fara. Ke nan hula ba ta da laifi. Gadon kuma yana iya zuwa ta wajen uwa ko ta wajen uba.

Mai karatu zai lura cewa komai girman sanƙon dattijo, yawanci akwai sauran gashi a ƙeyarsa da saman kunnuwansa. Tushen gashin wannan wuri ba ya jin DHT sosai. A kan wannan sirri aka gina aikin dashen gashi baki ɗaya.

Taƙaitaccen Tarihi

Likitocin Japan ne suka fara nisa a wannan fanni. A 1939 Dokta Shoji Okuda ya wallafa yadda ya dasa ƙananan yankunan fata masu gashi ga waɗanda suka rasa gashi saboda ƙuna da makamantanta, sai dai Yaƙin Duniya na Biyu ya hana labarin yaɗuwa. A 1959 wani likitan fata a birnin New York, Norman Orentreich, ya wallafa bincikensa da ya tabbatar da cewa gashin ƙeya yana riƙe halinsa ko da an mayar da shi goshi. Dashen wancan zamani ana yin sa ne da yanki mai faɗin kamar milimita 4, shi ya sa gashin kan fito cunkus-cunkus kamar shukar albasa. Daga wajejen 1995 aka koma dasa gashi yadda Allah ya halicce shi, wato tushe-tushe, kowane tushe ɗauke da sili 1 zuwa 4.

Yadda Ake Yin Aikin

Hanya biyu ake bi wajen ɗibar gashin. Ta farko, wadda likitoci ke kira FUT, ita ce a yanko siririn zirin fata daga ƙeya, a ɗinke wurin, sannan a rarraba zirin tushe-tushe a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Tana barin dogon tabo guda, wanda zai fito fili idan mutum ya yi aski ƙwal. Ta biyu, wato FUE, wadda ta fara bazuwa daga 2002, ita ce a riƙa zaƙulo tushen ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan ƙarfe mai bakin da bai wuce milimita 1 ba. Ita ma tana barin tabo, sai dai ɗigo-ɗigo ne a warwatse.

Bayan an ɗiba, sai a yi ƙananan huda a wurin sanƙon, a saka kowane tushe a raminsa. Nan ne gwanintar likita take, domin dole ya bi kwanciyar gashi, ya kuma tsara layin goshi yadda zai dace da fuskar mutum har bayan ya manyanta. Ba a sa mutum barci, allurar kashe zafi ake yi a fatar kai. Aikin kan ɗauki awa 4 zuwa 8, a dasa tushe kamar 1,500 zuwa 3,000 a zama guda.

Bayan 'yan makonni gashin da aka dasa zai zube. Wannan ba abin tsoro ba ne, saiwar tana nan a raye. Sabon gashi kan fara tsirowa bayan wata 3 ko 4, ba a kuma ganin cikakken sakamako sai an shekara ko fiye.

Abin Da Masu Talla Ba Sa Faɗa

Duk manomin da ya taɓa dashen shinkafa ko tumatir ya san cewa dashe ba ya ƙara yawan iri. Abin da ka cira daga gadon reno shi za ka kai gona. Haka dashen gashi yake, har ma ya fi tsanani, domin inda aka cire tushe a ƙeya, wani ba zai sake fitowa ba har abada. Kan ɗan Adam na ɗauke da silin gashi kusan 100,000, amma abin da za a iya ɗiba daga ƙeya ba tare da ta yi kwari ba bai wuce tushe 'yan dubbai ba a tsawon rayuwa. Ba a kuma dasa wa mutum gashin wani, jiki ba zai karɓa ba.

Na biyu, dashe ba ya tsayar da sanƙo. Gashin asali da ke kewaye da wanda aka dasa zai ci gaba da zuba. Saurayi ɗan shekara 22 da ya ƙarar da rabin ajiyarsa wajen cike goshi, yana iya kai wa shekara 40 da tsibirin gashi a gaba da fili fetal a bayansa, ga shi babu sauran abin ɗiba. Saboda haka ne likitocin ƙwarai ke jinkirta wa matasa aikin, su fara ba su magani. Magunguna biyu aka fi sani: minoksidil na shafawa, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da ƙwayar finasterid da ta amince da ita a 1997. Suna aiki ne muddin ana amfani da su, in an daina zubar ta dawo. Finasterid kuma kan rage sha'awa ga wasu mazan ƙalilan, don haka ba a shan sa sai da izinin likita.

Mu Baƙar Fata Fa?

Gashinmu yana da riba guda: saboda nannaɗewarsa, kaɗan ma yana rufe wuri mai yawa. Amma lanƙwasar ba a waje kaɗai take ba, har cikin fata saiwar a lanƙwashe take. Wanda bai saba da irin gashinmu ba yana iya datse saiwar wajen cirewa, tushen ya tafi a banza. Haka kuma fatar baƙi ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu. Duk wanda ya taɓa yin irinsa, ko yake fama da ƙurajen ƙeya da kan biyo bayan aski, wajibi ne ya sanar da likita tun farko. Sannan ba kowace zubar gashi ce sanƙo ba. Makero da wasu cututtukan fata magani suke buƙata, ba tiyata ba.

Birnin Santambul na Turkiyya ya yi suna a wannan sana'a saboda sauƙin farashi, kuma akwai ƙwararru a can. Sai dai ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya ta sha gargaɗi game da wuraren da, a ƙasashe daban-daban, ke barin waɗanda ba likitoci ba suna yanka kan mutane. Masu iya magana dai sun ce araha ba ta ado.

Ta fuskar addini, malamai da yawa sun halatta aikin, domin gashin mutum ne na kansa ake mayar masa, ba ƙari da gashin wani ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta sanya shi cikin tiyatar gyara da ta halatta a zamanta na 2007 a Malesiya.

Kammalawa

A ganina, dashen gashi ci gaba ne na gaske, amma rabon abin da ya rage ne, ba sabuwar halitta ba. Shawarata ga mai niyya ita ce ya fara ganin likitan fata a asibitin koyarwa mafi kusa, ya tabbatar da irin zubar gashinsa. Ya tambayi mai aikin: wa zai riƙe ƙarfen da hannunsa? Tushe nawa za a cire, nawa za su rage? Ya taɓa yi wa masu irin gashina? In amsoshin ba su gamsar ba, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sanƙo ba ya kisa, ba ya hana karatu ko aure, wanzami da hula kuma suna nan. Allah ya ba mu lafiya, amin.