Ƙurar Kashin Jemage Da Ciwon Huhu

Kowane manomi ya san amfanin kashin kaji da na tattabaru da na jemage wajen gyaran gona, musamman masu albasa da tumatir a fadama. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, in wannan taki ya daɗe jibge wuri guda, akwai wata irin fumfuna da kan tsira a cikinsa, wadda ido ba ya gani. Likitoci suna kiranta histofilasma. In aka tona wurin ƙura ta tashi, ƙwayoyinta sai su bi numfashi su shiga huhu. Ga labarin wasu lebura da abin ya faɗa wa.

Cikin shekarar 2015, a Jamhuriyar Dominikan, watau ƙasar da ke tsibiri guda da Haiti, aka ɗauki ma'aikata su share waɗansu dogayen ramuka na ƙarƙashin ƙasa a wata madatsar ruwa mai ba da wutar lantarki, cikin lardin Santiyago. Jemagu sun daɗe suna kwana a ciki, kashinsu ya taru jingim. Mutum 36 suka yi aikin, suna ɗiba da shebur a wurin da iska ba ta ratsawa sosai. Ba a jima ba suka soma kwantawa da zazzaɓi, da tari, da ciwon kai. Da fari aka zaci cutar nan ce da a kan samu daga fitsarin ɓeraye, aka yi ta ba su maganinta, ba sauƙi. Sai daga baya aka gane fumfuna ce. Mutum 30 suka kamu, 3 suka rasu. Dukansu kuwa majiya ƙarfi ne.

To, me ya sa abin ya yi tsanani haka? Yawan ƙurar da suka shaƙa. Galibin mutanen da ƙwayar ta shiga huhunsu kaɗan ce ta shiga, jiki ya kan kashe ta, ba su ma san an yi ba. Amma wanda ya wuni cikin ɗaki rufe yana tayar da ƙura, kwana da kwanaki, ya kwashi abin da ya fi ƙarfin jikinsa. Ciwon kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 17 bayan an shaƙa. Ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, saboda haka ba dalilin ƙyamar majinyaci.

Ba sabuwar cuta ba ce. Wani likita Ba'amurke, Samuel Darling, shi ya fara bayaninta cikin 1906 a Fanama, sa'ad da a ke haƙa babban mashigin jiragen ruwa na can. Tana kuma da 'yan'uwa. A 2023, a garin Eskanaba na jihar Mishigan ta Amurka, wata fumfuna dabam mai zama cikin ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen itace ta kama ma'aikata 162 na masana'antar takarda, guda ya rasu, har aka dakatar da aiki wajen mako uku aka tsabtace wurin.

Kada a ce abin na ƙasashen waje ne kaɗai. Akwai histofilasma a Nijeriya, an ma same ta cikin ƙasar kogon Ogbunike na Jihar Anambra, inda jemagu ke zama. Irin ta Afirka ta fi taɓa fata da ƙashi, amma mai taɓa huhu ita ma akwai ta. Babban abin damuwa shi ne kamanninta da tarin fuka: tari mai daɗewa, gumin dare, ramewa. Sai a ɗora mutum a kan maganin tarin fuka wata da watanni, alhali kuwa wannan magani ba ya taɓa fumfuna ko kaɗan. Nata maganin dabam ne. Wanda aka fi bayarwa sunansa itirakonazol, kuma a kan sha shi makonni ko watanni, gwargwadon yadda ciwon ya kama.

Kaji su kansu ba su kamuwa, don jikinsu ya yi wa fumfunar zafi. Kashinsu ne ke ciyar da ita bayan ya gauraya da ƙasa ya shekara. Jemage kuwa ya kan ɗauke ta cikin hanjinsa. Don haka wuraren da za a yi hattara da su su ne tsohon akurki, da ɗakin tattabaru, da kufan soro ko rumbun da jemagu suka mayar gida, da kogon dutse.

Dabarar ba ta da tsada. Kafin a sa fartanya ko shebur, a yayyafa ruwa har takin ya jiƙa sosai, a riƙa ƙarawa in an kai busasshen da ke ƙasa. Kada a share da tsintsiya a bushe. A buɗe ƙofa da tagogi, a zuba takin a buhu a ɗaure baki, maimakon ɗauka a kwando a ka yana zuba a fuska. Naɗe hanci da rawani ko ƙyalle ya fi babu, amma ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta, suna ratsawa. Takunkumin da a ke kira N95 shi ne mai tsarewa, in ya kama fuska da kyau. Yara ƙanana, da tsofaffi, da masu cutar ƙanjamau, kada a bar su kusa da wurin, gama su ne ciwon ya kan bazu cikin jikinsu duka. Abin takaici, yara ne a ke yawan turawa sharar akurki.

Wanda kuwa ya yi irin wannan aiki, sa'an nan zazzaɓi da tari suka kama shi cikin mako biyu ko uku, ya tafi asibiti, ya gaya wa likita aikin da ya yi, da ranar da ya yi shi, da ko akwai abokin aikinsa da ya kwanta shi ma.