Agogo Mai Kibiya a Baya

Wanda ya taso daga Zauro da hantsi ya shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi, buhunan shinkafa ne za su fara cika masa ido, sai albasar Aliero da bandar kifi. Sai ya natsu sosai kafin ya lura da masu gyaran agogo, don ba su da rumfa ta a zo a gani. Ɗan tebur ne, da akwatin gilashi a kai, da benci, da lema idan rana ta take. A nan nake tsayawa duk ranar da na shigo gari, wurin wani dattijo da ya daɗe yana yi wa gidanmu gyara.

Kayan aikinsa ba su cika tafi biyu ba: madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya, matsefata, 'yan sukudirebobi sirara kamar allura, tsohon buroshin haƙori, da fetur a murfin kwalba na wanke inji. Idan ya buɗe agogo sai ya ɗauke numfashi, kada iskar hancinsa ta ture wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba. A cikin gilashin kuwa kaya hawa-hawa ne. Akwai na China masu batir, waɗanda ake saye don lefe ko kwalliyar salla. Akwai Casio na 'yan makaranta, da masu kiran salla da alhazai ke zuwa da su tsaraba idan jirginsu ya sauka a Ambursa. Can gefe kuma manyan jiya ne: Seiko 5, Rado, Citizen, Orient, irin waɗanda mutanenmu ke cewa da jini suke aiki. Gaskiyar magana, wani ɗan faifan ƙarfe ne a ciki yake juyawa da motsin hannu yana wana agogon, shi ya sa yake tsayawa idan an ajiye shi kwana biyu.

Wayar hannu ta cinye rabin sana'ar. Yau abincin dattijon a canjin batir yake, da rage sarƙa, da sa gilashi. Amma a ƙarƙashin teburin akwai gwangwanin madara cike da matattun agogo, waɗanda masu su suka kawo suka manta, ko suka rasu ba a zo karɓa ba. A kan gwangwanin nan ne hira ta kai mu.

"Ɗana, mi ag ga tsohon agogo yanzu?" in ji shi. "Baƙi na zuwa suna tambaya ta mai wani da hannu, mai baƙar huska, mai kibiya ga baya. Wanga abu ya ɗaure min kai."

Na ce, "Baba, kibiyar nan tambarin gwamnatin Ingila ne. Duk kayan soja da shi suke yi musu shaida, kamar yadda Bafillace ke yi wa shanunsa."

Abin da baƙin ke farauta ke nan: agogon soja, musamman na matuƙan jirgin yaƙi. A zamanin da babu na'urar tauraron ɗan'adam, mai nuna wa jirgi hanya da taswira yake aiki, da taurari, da agogo. Kuskuren daƙiƙa 4 kacal na iya kautar da lissafinsa da kusan kilomita 2 a wannan yanki na duniya. Saboda haka aka ƙera musu agogo na daban: lambobi manya masu haske a duhu, da kan wani wanda idan an ja shi hannun daƙiƙa ke tsayawa cak, don dukan ayarin su daidaita lokaci kafin tashi. Na Jamusawa a Yaƙin Duniya na Biyu faɗinsa milimita 55 ne, a kan hannun riga ake ɗaura shi, kuma kamfanoni biyar ne suka ƙera: A. Lange & Söhne, IWC, Laco, Stowa da Wempe. IWC guda 1,000 kawai ta yi a 1940. Sojan saman Ingila kuwa sun karɓi nasu daga irin su Omega da Longines da Jaeger-LeCoultre, sannan a 1948 aka fito musu da Mark 11, wanda aka lulluɓe injinsa da ƙarfe mai taushi don maganaɗisun na'urorin jirgi kada ya rikita shi. Akwai kuma na sojan ƙasa na 1945, masu harufan W.W.W. a baya, daga kamfanoni 12. Masu tara agogo kan yi shekaru suna neman haɗa sha biyun, kuma na kamfanin Grana ne ke ba su wuya, don shi ne mafi ƙaranci.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin wata duniya ce da ba ta taɓa mu ba. A Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Daga 1940 kuma, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau suka riƙa bi ta Legas, Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan zuwa Alƙahira. Irin waɗannan agogo sun kwana a Kano a hannun masu su. Ga kuma mazan jiya da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, ga Turawan mulki da kan yi gwanjon kayansu idan za su koma gida. Kaya kuwa in ya shiga hannun Bahaushe, Allah kaɗai ya san garin da zai kwana.

Kalmar gwanjo ma abin lura ce. A bakinmu yau ta koma nufin tsohon kaya mai araha, alhali asalinta ciniki ne na wa-ya-ƙara. A Janeba da Landan da ma'anarta ta fari take aiki: a gidajen Christie's da Sotheby's da Phillips ana ɗaga agogon da ya haura shekara 70, attajirai na ƙari ta waya, a sallama shi a kan fam dubu da yawa. Tsakanin gwangwanin madara da wancan zaure akwai dogon layin dillalai. Mai yawo ƙauye-ƙauye yana sayen tsofaffin kwabbai da tasoshi ya miƙa wa na birni, na birni ya kai wa masu kayan da irin na Kasuwar Kurmi a Kano, daga nan hoto ya hau intanet. Kowa ya ci rabonsa, na farkon layin ne kawai ke tashi da kuɗin goro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, abin da mu muke kira gyara, su a wurinsu ɓarna ce. Mu mun fi son agogo ya yi ƙyalli. Sai a goge marfi har lambobin soja su shafe, a sake fentin fuska, a jefar da tsohon injin a sa mai batir don mai shi ya huta da wani. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma an kashe darajar ke nan. Mai saye na can so yake ya ga fuskar da ta dafe da tsufa, lambar inji ta dace da shekarar da aka buga a marfi, kan wani na asali, ko da ya lauye.

Akwai hatsari kuma da ya kamata masu sana'ar su sani. Hasken lambobin agogon wancan zamani da sinadarin radiyam aka yi shi. Ko ya daina haske, ƙarfinsa na nan, don sai bayan shekara 1,600 yake raguwa da rabi. Ƙurarsa ce mugun abu idan ta shiga huhu ko ciki. Na roƙi Baba, in irinsa ya zo hannunsa, kada ya kankare fuskar, kada ya hura da baki kamar yadda ya saba, kuma ya wanke hannu kafin ya ɓare goro. Na baya-bayan da ke da harafin T a cikin da'ira, an canja musu sinadari da mai sauƙi.

Dole in faɗi ɗaya gefen. A cikin ɗari na tsofaffin agogon da ke kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu, kusan duka na farar hula ne, kuɗinsu bai wuce na amfaninsu ba. Jabu ma sun yi yawa, don zana kibiya a marfi ba ya gagarar maƙeri. Wanda aka zo masa da labarin agogon miliyoyi ana neman ya ba da kafin alƙalami, ya riƙe aljihunsa.

Ran nan mun zazzage gwangwanin a kan tabarma, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu mai kibiya. Baba ya tsinci wani Seiko na wani malamin makaranta da ya rasu, ya ɗiga masa mai, ya girgiza shi a kusa da kunne, sai ga shi yana tafiya. Ya ce zai aika wa 'ya'yan mamacin.

Kai kuma mai karatu, idan akwai adakar kaka a gidanku da agogo a ciki, kafin ka miƙa wa mai jari-bola ko baƙon dillali, juya bayansa ka karanta. Ɗauki hotonsa gaba da baya, ka tambayi mutum biyu ko uku da suka san kan abin, ka kuma tambayi dattawan gida yadda aka yi ya shigo hannunku tun suna da rai.