Zama Ɗan Duniya, Amma Ta Idon Wa?

Koyar da "zama ɗan duniya" yana cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a shekarar 2015, kuma hukumar UNESCO ce ke jagorantar yaɗa shi. Manufarsa ita ce ɗalibi ya tashi da sanin cewa zaman lafiya da haƙƙin ɗan'adam da kare muhalli sun shafe shi, ko da a wata uwa duniya abin ya faru.

Masu neman raba ilimi da tabon mulkin mallaka ba su ja da wannan manufa ba. Abin da suke tambaya shi ne: wa ya zana duniyar da ake nuna wa yaro? A 2006, malama Vanessa Andreotti 'yar ƙasar Brazil ta kasa wannan koyarwa gida biyu. Ta farko ta tsaya ga tausayi: ɗalibi a Turai ya ga hoton yaro mai yunwa, ya tara taimako, shi ke nan. Ta biyu kuwa tana sa shi bin diddigin talaucin, tun daga cinikin bayi da kwashe albarkatu har zuwa basussuka da ƙa'idojin kasuwancin yau, ya kuma gano inda ƙasarsu ta ci moriya.

A cikin aji, gyaran yakan fara daga abin da ido ya saba da shi. Taswirar Mercator ta 1569 tana nuna tsibirin Greenland kamar ya yi kai ɗaya da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Haka aka daɗe ana karantar da yara cewa Bature Mungo Park ne ya "gano" kogin Kwara a 1796, sai ka ce masunta da 'yan fiton da ya tarar a bakinsa ba mutane ba ne.

Sai batun harshe. A 1968 marubuci Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a jami'ar Nairobi suka nemi a rushe sashen Ingilishi, a sa adabin Afirka a tsakiyar manhaja. Daga baya shi kansa ya koma rubuta ƙagaggun labaransa da Gikuyu.

A watan Afrilun 2015, zanga-zangar ɗalibai ta sa jami'ar Cape Town ta ɗauke gunkin ɗan mulkin mallaka Cecil Rhodes cikin wata guda. Sauya manhaja da littattafai da horon malamai kuwa ya fi ɗauke gunki wuya, kuma har yau ba a kammala shi ba.